Ranar da Goggo Delfina Ta Kulle Mu a Kan Dutse

Duk wani ƙato mai gemu a garinmu, in ka ga ya ji ƙugin wata tsohuwar jif daga nesa ya gyara zama ya sauke ƙafa daga kan tebur, ba sai ka tambaya ba, ya taɓa shiga motar makarantar da Goggo Delfina ke tuƙawa. Ta shekara talatin tana kwasar 'ya'yan mutane daga gidajen gona zuwa makaranta, cikin taɓo da dusar ƙanƙara, kuma ba a taɓa ganin ta juyo ta yi wa yaro tsawa ba. Wani faffaɗan madubi ne a saman kanta. Ta cikinsa take ɗago ido ta dube ka sau ɗaya, ka ji fitsari ya kama ka. Yaran nan yau su ne masu shaguna da masu shanu, har da mai wa'azi a coci, amma har gobe tsoronta bai sake su ba.

Ƙanwar babana ce, don haka ni kaɗai ke da haƙƙin kiranta Goggo. Sauran gari aron sunan suka yi suka ƙi maidowa. Ni ne Mingo mai faci, wanda shagonsa ke kallon gidan mai, kuma rabin tayoyin da za ku ji labarinsu a nan ni na ɗaura su.

A kan dutsen da muke kira Mai Sanƙo aka haife ta, cikin keken doki mai rumfa irin wanda makiyaya ke kwana a ciki. Kakana ya baro ƙasar Bask, can ƙetaren teku, ya zo nan jiharmu ta Nevada kiwon tumakin wani, da niyyar ya tara abin da zai tara ya koma, sai ga shi an binne shi a bayan cocinmu. Can sama kusa da ƙololuwa akwai kurmin fararen itatuwa masu laushin ɓawo, waɗanda makiyaya ke sassaƙa wa abubuwa da wuƙa in kaɗaici ya ishe su. Itacen kakana na nan. Akwai sunansa, akwai wani gida mai taga biyu da ya baro a ƙasarsu, akwai kuma wata mata mai ƙiba wadda kakata ta rantse har ta mutu cewa ba ita ba ce.

Goggo ta taka dutsen nan da ƙafa tun kafin ta iya magana sosai. Ta yi aure, mijin na kirki ne, mai aikin haƙar ma'adinai, amma bai daɗe ba, bai kuma bar mata ɗa ba sai wata jif marar ƙofa. Da ta doshi saba'in gwiwoyinta suka ce sun gaji. Likitoci suka sa mata na ƙarfe, na ƙarfen ma suka bi sahun na farko. Daga bakin ɗakinta zuwa mota sai da sanda da zagi. To amma bari ta hau kujerar nan ta kama sitiyari, sai ka rantse yarinya ce. Ba ta cika mako ba ta hau dutsen ba, ta zauna a gindin itacen babanta, ta sha kofi, ta yi wa iska faɗa, ta sauko. In aka raba ta da hanyar motar nan, an raba ta da dutsen ke nan har abada, kuma ni dai ban san abin da zai rage mata ba. Ba ta kallon talabijin, saƙa kuma ba ta iya ba.

Abokin tafiyarta karenta ne, Sanata. Ta raɗa masa sunan ne saboda ba a ganinsa sai lokacin cin abinci.

Dutsen filin gwamnati ne, wato na kowa da kowa, wato na wanda ya fi iya surutu a taro. Muka yi shekara da shekaru muna hawa ba wanda ya ce mana kanzil, har samarin birni suka gano wurin. Suka riƙa zuwa da babura masu ƙafa huɗu, kuma hanya ba ta ishe su ba sai sun shiga fadamar da ke gindin dutsen sun yi ta juyi cikin laka suna ihu. A fadamar nan ne wasu kajin daji ke taruwa bayan narkewar ƙanƙara, mazan su kumbura ƙirji su yi ta rawa, matan su tsaya gefe suna kallo kamar ba su damu ba. Kajin suka fara ƙaura. Hukumar filaye ta ce ta gaji, za ta kawo katafila ta jera manyan duwatsu a bakin hanya, wanda ke son dutse ya hau da ƙafa.

Aka yi taro a zauren makaranta, aka yi ta kumfar baki. Orrin Stucki, shugaban ƙungiyarmu ta masu jif, ya yi jawabi kan 'yancin ɗan ƙasa har wuyansa ya yi ja, ba wanda ya fahimci inda ya dosa. Sai Goggo ta dafa sanda ta miƙe.

Ta ce, "Ni ƙafafuna huɗu ne yanzu, dukkansu na roba. Wanda ya ce in hau da ƙafa, to da su zan hau."

Jami'ar da hukuma ta turo, wata doguwar mace mai suna Corliss Haney, ba mai yawan magana ba ce, amma na ga ta rufe baki da hannu. A ƙarshe aka yi sulhu. Ba za a jera duwatsu ba tukuna. Za a kafa ƙyauren ƙarfe a bakin hanya, a ba ƙungiyarmu damar sa kwaɗonta a sarƙa, a gwada mu tsawon lokacin zafi guda. In aka ga sawun taya ko ɗaya a fadama, katafila na nan tana jira.

Sarƙar ƙofa a wajenmu ba da kwaɗo ɗaya ake rufe ta ba. Kowane mai haƙƙin shiga da nasa. Na hukuma ya kama bakin sarƙa, na masu shanu ya kama na hukuma, na mai zuma ya kama na masu shanu, haka haka har na ƙarshe ya kama ɗaya bakin. Kowa ya buɗe nasa sarƙa ta rabu, ya wuce, ya mai da. Doka ɗaya ce tak: kwaɗonka ya riƙe na maƙwabcinka. In ka tsallake su ka haɗa sarƙa da sarƙa, to ka kulle kowa, nasu sun koma kayan ado. Yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ma ya san wannan a garinmu, kuma mafi yawanmu a bakin Goggo muka koya, da ranƙwashi.

Ba wanda ya naɗa ta mai gadin ƙofa, ita ta naɗa kanta. Ta ce sarƙar da hukuma ta kawo ko akuya ba za ta riƙe ba, ta je tsohuwar mahaƙar ma'adinai ta samo wata mai kaurin hannun jariri. Ta sa aka kafa ginshiƙai da ƙarfen layin dogo, aka zuba musu siminti kamar za a ɗora bene, aka bi maƙalan ƙyauren da walda. Kwaɗon ƙungiya kuwa ita ta zaɓo, wani dunƙulalle mai nauyin dutsen guga, ta shafa masa jan fenti. Makulli ɗaya ne, ta hana a yanka na biyu. Ta ce makulli biyu yau, gobe ɗari. Da yake kuma ita komai ɓatar da shi take yi, daga tabarau har haƙoran roba, sai ta ɗaura shi a wuyan Sanata, don shi kaɗai ne abin da in ya ɓace yake dawo da kansa.

Duk lokacin zafin nan ba a ga sawu a fadama ba. Samarin birni suka zo sau biyu suka tarar da tsohuwa zaune a kan jif da sanda a cinya, suka gaishe ta cikin ladabi suka juya.

Ranar hukunci ta zo, wata Asabar mai rana garau. Corliss za ta bi ayarinmu har ƙololuwa ta sauko, ta duba da idonta, ta kai wa manyanta labari. Muka fito kamar masu rakiyar amarya. An wanke motoci, an aske gemu, giya kuwa aka tura ta can ƙarƙashin kujeru aka lulluɓe da barguna. Orrin ya sa sabuwar hula. Merle Dunagan, tsohon mai shanu wanda ya nemi auren Goggo tun suna samari ta ƙi, ya riga mu shiga da sassafe da babbar motarsa don ya kwaso maruƙa. Goggo ta kira Sanata ta buɗe mana, muka wuce ɗaya bayan ɗaya, ita ta zo ƙarshe ta rufe.

A sama komai ya tafi daidai. Ba wanda ya kauce hanya ko da taku. Orrin ya riƙa tsayawa yana tsintar kwalaben da ba shi ya yar ba, yana ɗaga su sama don jami'a ta gani. Mata suka baje abinci a kurmi, naman rago da wake da burodin tukunya irin na makiyaya. Corliss ta ci ta ƙara, ta tsaya gaban itacen kakana ta daɗe tana kallon matar nan mai ƙiba. Da za mu sauko aka nemi Sanata aka rasa. Wani ya ce ya gan shi ya bi karyar wani makiyayi ta bayan tudu.

Goggo ta ce, "Ku rabu da ɗan banza. Yankewa yake yi ta kwari ya riga ni isa ƙofa. Kuma ai 'yar nan na da makullin hukuma."

Muka sauko cikin nishaɗi, muka tarar da Merle ya riga mu, motarsa cike da maruƙa tana tsaye a gaban ƙyaure, shi kuma yana riƙe da kwaɗonsa a hannu yana juya shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Corliss ta sauka ta sa makullinta. Kwaɗon hukuma ya buɗe sumul, ya faɗo cikin tafin hannunta, sarƙa kuwa ko gezau. Muka taru muka leƙa. Jan kwaɗon nan ya tsallake kowa, ya haɗa sarƙa da sarƙa, sauran suna reto a gefe kamar 'yan kunne.

Sai Merle ya cire hula ya sosa kai.

Ya ce, "Delfina, in so kike ki kwana da ni a daji ai da kin faɗa tun muna da haƙora."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, amma a raina ina mamaki. Ko ni in na yi wannan kuskuren sai an shekara ana ba da labarina, balle ita. Goggo ba ta sauko daga mota ba. Ta ce, "Rufe mana baki, tsohon banza. Sanata na zuwa." Aka duba gabas aka duba yamma, babu Sanata babu dalilinsa.

Corliss ta ɗauko oba-oba ta kira ofis. Aka ce mata mai injin yankan ƙarfe ya tafi kashe gobarar daji a wata gunduma, sai dai gobe. Ta ajiye, ta dube mu, ta ce ta ba da izini a yanke sarƙar in za a iya.

Nan fa maza suka motsa. Kowa ya buɗe akwatin kayan aikinsa, don mu in ba a ba mu dama mun nuna kayan aiki ba, ba ma jin mun fita. Aka kawo almakashin yankan ƙarfe, mutum biyu suka danne shi, bakinsa ya ɓare. Aka kawo zarto, aka yi ta gurza har haƙoransa suka zube, sarƙa ta ɗan yi ƙyalli a wurin, shi ke nan. Wani ya ce a ɗaga ƙyauren daga maƙalansa, aka tuna da walda. Goggo na zaune tana sauraron kowane ƙarfe da ya karye, kuma na rantse akwai alfahari a fuskarta.

Ta ce, "Ai na gaya muku sarƙar kirki ce."

Orrin ya ce a matsa masa. Motarsa ce ta fi ta kowa girma, tayoyinta sun kai ƙuguna, kuma a gabanta akwai injin ja mai igiyar ƙarfe wanda ya ce zai iya tumɓuke gida. Ya naɗa igiyar a ginshiƙi, ya ja da baya, ya taka birki, ya kunna. Igiya ta miƙe ta fara kuka. Ginshiƙi bai motsa ba. Sai muka ga mota ta fara tafiya da kanta, a hankali, tana jan tayoyi a ƙasa, Orrin a ciki ya kankame sitiyari yana zare ido, har ta je ta sumbaci ƙarfen layin dogo. Wani abu ya ce ƙwas, ƙarfen gaban motar ya faɗo ƙasa. Matarsa ta zauna a kan dutse ta yi dariya har da hawaye.

Da ƙarfi ya ƙare aka koma lallashi. Aka rarraba ragowar naman rago, ƙarti masu jikoki suka bazu a gefen dutse, kowa da tsoka a hannu, suna kiran Sanata da murya mai daɗi kamar masu zawarci. Mai wa'azinmu ya fi kowa murya, dutse na amsa masa. Merle ya jingina da motarsa, maruƙa na ta kuka a bayansa, ya ce, "Wahalar banza kuke yi. Ba lokacin zaɓe ba ne, ba zai zo ba."

To ga abin da kowa ke gani amma ba wanda ya yarda ya kalla. Ta hagun ƙyauren gangare ne mai zurfi, ko akuya sai ta yi tunani. Amma ta dama, daga ginshiƙi, fadama ce shimfiɗe, kore shar, babu shinge babu rami. Ko keken yara zai kewaye ƙofar nan ya hau hanya ta ɗaya gefen. Mu kuwa ga mu da motocin da muke cika baki sun hau inda doki ya ƙi hawa, mun yi cirko-cirko a gaban sarƙa. Corliss kuwa ko a jikinta. Ta zauna a bayan motarta ta ɗauko tuffa tana ci, tana kallon sama.

Rana ta fara karkata. Orrin, wanda surukarsa ke bikin cika shekara tamanin a daren, kuma ya san abin da ke jiransa, ya matso wajen Corliss yana murza hula.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mota ɗaya ce kawai. In sassauta iskar taya, in bi ta gefe-gefe a hankali, in je gari in ɗauko abin yanka. Ciyawa ce, kwana biyu ta miƙe."

Corliss ta ce, "Ni ban hana kowa ba. Abin da na gani kawai zan faɗa."

Ya juya ya dubi sauran, wasu suka fara gyaɗa kai. Gaskiya ni ma ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Sai muka ji tsohuwar jif ta yi tari ta tashi. Goggo ta ja ta, ta gitta ta daidai bakin fadama, tayoyinta a kan tsakuwa, ta kashe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kai hannu ta gyara madubin motar, ta dubi wajen da Orrin yake.

Ta ce, "Orrin Stucki, koma ka zauna."

Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, mai tumbi, mai ma'aikata goma a ƙarƙashinsa. Ya ce, "Goggo, surukata fa."

"Na san surukarka, tare muka yi makaranta. Ta jira shekara tamanin, za ta iya ƙara kaɗan. Ni na kulle ku, ni za ku zaga, ga ni nan. Amma wanda zai shiga ciyawar nan sai ya fara bi ta kaina."

Ya koma ya zauna a kan ƙarfen motarsa da ya faɗo. Daga nan kuma sai abin ya juye ya zama biki, don in mutum ya tabbata ba inda za shi sai hankalinsa ya kwanta. Aka hura wuta a kan tsakuwa aka ɗora kofi. Aka sauke maruƙan Merle aka ba su ruwa a hular Orrin, da izininsa ko babu. Wani ya sa kaset a mota, matar mai wa'azi ta ja mijinta rawa a tsakiyar hanya. Barguna suka fara zamewa daga kan abin da suka lulluɓe, Corliss ta mai da hankali sosai kan wani gajimare. Merle ya je ya tsaya kusa da jif yana ba Goggo labarin yadda da ta aure shi da yanzu tana da shanu ɗari biyar, ita kuma tana ce masa da yanzu ta mutu da hamma.

Warin ne ya fara isowa kafin shi. Mai rawa ta tsaya, ta toshe hanci. Sai ga Sanata ya ɓullo daga kwari yana tafe yana rangaji, harshe waje, kunne ɗaya a karye, fuskarsa cike da gamsuwa. A hanyarsa ta dawowa ya haɗu da bodari, dabbar nan mai fesa wari, bodari kuma bai rage masa komai ba. Mutanen da suka wuni suna kiransa da nama suka dare gida biyu. Ya ratsa ta tsakiya kamar mai duba fareti, makulli na reto a wuyansa.

Merle ya ce, "To ga mai girma ya iso. Wa zai karɓi gaisuwa?"

Ba wanda ya motsa. Goggo ta dafa sanda ta sauko, ta sunkuya da ƙyar, ta kwance makullin ba tare da ta ko yamutsa fuska ba. Aka yi mata tafi da fito. Ta taka a hankali zuwa ƙyaure, mu duka a bayanta, ana ta barkwanci.

Ta kai hannu ta kama kwaɗo, ta fara neman ramin makulli. Na mai zuma ne ta kama, baƙi, ƙarami. Wani ya yi dariya, yana tsammanin tsokana ce. Ta sake shi ta kama na kusa da shi, ta shafa shi da babban yatsa, ta juya kai gefe kamar kaza tana duban ƙwaya, ta sake. Jan kwaɗon na nan a gabanta, fentinsa na ɗaukar ido cikin hasken yamma, tazarar tafin hannu daga fuskarta. Ta wuce shi ta koma kan na hukuma.

Sai a lokacin na gane yadda aka yi kuskuren safe.

Merle ma ya gane, kuma ya riga ni dabara. Ya juya ya ba ta baya, ya baje kafaɗunsa ya tare ta daga idon jama'a, ya fara yi wa Orrin masifa da ƙarfi kan wai igiyarsa ta tsorata masa maruƙa sun rame, sai ya biya. Orrin ya hau shi da faɗa, aka koma kansu ana dariya. Ni kuma na matsa kusa da ita, na kama hannunta na ɗora a kan jan kwaɗon. Hannun ya yi sanyi.

Ta ce a hankali, "Tun bara ne, Mingo. Duk abin da na kalla, tsakiyarsa babu. Sai gefe-gefe."

"Goggo, kuma kike hawa gangaren nan ke kaɗai?"

"Hanyar ai ba da ido nake bin ta ba."

Makulli ya shiga, kwaɗo ya buɗe, sarƙa ta zube ƙasa da ƙara. Aka yi shewa, kowa ya ruga motarsa. Corliss ce kaɗai ba ta ruga ba. Tana tsaye a ɗaya gefen ginshiƙin tun ɗazu, kuma ta ga abin da na gani. Ta bari motoci suka fara wucewa, sannan ta matso.

Ta ce, "Mama, na duba fadama, babu sawu ko ɗaya. Mutum goma sha wani abu sun wuni a gaban ƙofa da motocin da za su iya kewaye ta, ba su kewaye ba. Haka zan faɗa, kuma ina jin hanya ta tsira." Ta dubi jif, ta dubi gangaren da ke hagu. "Amma Mama..."

Goggo ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ba sai kin faɗa ba."

Ni na mai da sarƙar, kowane kwaɗo riƙe da na maƙwabcinsa. Na ba wani makullin motata ya tafi da ita. Da na juyo sai na tarar Goggo ta zagaya ta ɗaya gefen jif ɗin, tana kokawar hawa kujerar fasinja, inda Sanata ke zama. Tun da nake ban taɓa ganin wani ya riƙe sitiyarin motar nan ba sai ita. Na tsaya kamar wawa. An bar mata hanyar da ta yi wa yaƙi, a ranar da ta tabbata ba za ta sake tuƙa mota a kanta ba, kuma na rasa wanda zan ji wa haushi.

Ta ce, "Tsayuwar me kake yi? Giya ta biyu tana da gardama, sai ka lallashe ta."

Muka kama hanyar gari, Sanata a baya yana kashe mu da wari, ƙurar sauran motoci na lafawa a gabanmu. Muka hau kwalta. Goggo mace ce da ko gishiri ba ta taɓa aikawa a roƙo mata a maƙwabta ba. Na ji tana gyara murya, ta fasa, ta sake gyarawa.

Ta ce, "Mako mai zuwa, aiki ya yi maka yawa a shago?"

Tayoyin motar wani kamfanin haƙar ma'adinai guda takwas na jirana, da na Merle, da gaban motar Orrin.

Na ce, "Babu wani aiki, Goggo."

Ta juya fuska wajen taga, ko da yake motar ba ta da taga.

Ta ce, "To ka zo da wuri."